Tambayoyi da amsoshi kan zaɓen kayan aikin sake gina Linux daga ƙunshin tushe

Me ake nufi da sake gina tsarin daga tushe?

Kowace manhaja da ke cikin Debian ko Fedora, wato biyu daga cikin nau'o'in Linux, tana da fuska biyu. Akwai gamammen ƙunshi, wato fayil mai ƙarewa da .deb ko .rpm, wanda kake saukewa ka girka ya kama aiki nan take. Akwai kuma ƙunshin tushe, wanda ya ƙunshi rubutun da masu manhajar suka yi, da gyare-gyaren da masu rarrabawa suka ɗora a kai, da umarnin yadda za a haɗa shi. Idan ka buga `apt-get source hello` a Debian, muhimman fayil uku za su sauko: ɗaya mai ƙarewa da .dsc da ke bayanin ƙunshin, ɗaya mai ɗauke da rubutun asali, na ukun kuma shi ne jakar `debian/` inda `control` da `rules` suke. A ɓangaren Fedora duka wannan yana cikin fayil guda mai ƙarewa da .src.rpm, kuma umarnin haɗawar yana cikin fayil ɗin spec.

Sake gina tsarin shi ne ka ɗauki waɗannan ƙunshin tushe ka mayar da su gamammu da injinka, maimakon ka karɓi wanda wasu suka haɗa. Yin haka ga ƙunshi ɗaya aikin 'yan mintuna ne. Yin sa ga tsari gaba ɗaya wani abu ne daban, domin Debian kaɗai tana da ƙunshin tushe fiye da 30,000.

Kwamfutata za ta ƙara sauri idan na yi?

Ƙalilan ne, in ma ka lura. Mafi yawan jiran da kake yi a gaban kwamfuta jiran faifai ne ko intanet ko ƙarancin RAM, kuma `-O3` da `-march=native`, wato umarnin ƙara sauri da ake ba kompaila (shirin da ke mayar da rubutun tushe manhaja mai aiki), ba sa maganin ko ɗaya daga cikinsu. Manhajojin da ke cin lissafi sosai, irin na sarrafa bidiyo da na ɓoye bayanai, tuni suke duba irin injin da suke kai su zaɓi hanyar da ta fi sauri da kansu. Ga kuma haɗari: abin da ka gina da `-march=native` yana iya ƙin tashi a wata kwamfutar da ta ɗan girme wa taka.

To waɗanne dalilai ne suka isa a sha wannan wahala?

Na farko shi ne injin da masu rarrabawa ba su yi tanadi dominsa ba. A 2012, lokacin da Raspberry Pi na farko, wata ƙaramar kwamfuta mai allo guda, ya fito, reshen armhf na Debian yana buƙatar inji samfurin ARMv7, shi kuwa ɗan allon tsohon samfurin ARMv6 gare shi. Mike Thompson da Peter Green suka ɗauki ƙunshin tushen Debian suka sake gina su domin wannan injin, daga nan Raspbian ta samo asali. Irin wannan ya sake faruwa a 2025: RHEL 10, wato Linux ɗin kamfanin Red Hat, ta ɗaga mafi ƙarancin injin da take karɓa zuwa x86-64-v3, sai AlmaLinux 10, mai bin sawun RHEL, ta ƙara wani gini na x86-64-v2 saboda masu tsofaffin sabobi kada a bar su a baya.

Na biyu shi ne lasisi da mallaka. Da Red Hat ta sanar a Disamban 2020 cewa CentOS 8, kwafin RHEL na kyauta, za ta tsaya a ƙarshen 2021, Rocky Linux da AlmaLinux sun taso ne ta hanyar sake gina ƙunshin tushen RHEL. Na uku shi ne kana son canza wani abu da ya shafi kowane ƙunshi, kamar sabon kompaila ko wani matakin tsaro. Na huɗu shi ne tabbatarwa, wato kana son ka gani da idonka cewa gamammen ƙunshin da aka ba ka daga wannan rubutun ya fito. Akwai kuma koyo, wanda dalili ne mai kyau, sai dai kayan aikinsa daban ne.

Ka fayyace dalilinka tun kafin ka sauke komai, domin shi zai gaya maka ko ƙunshi 40 za ka gina ko 4,000. Devuan, wadda ta rabu da Debian kan batun systemd, shirin da ke tada tsarin ya kula da ayyukansa, ba ta sake gina komai ba. Ƙunshin da ta canza kawai take ginawa, sauran kuma ta haɗo su daga rumbun Debian yadda suke.

Wane kayan aiki zan zaɓa?

Wanda masu tsarin da kansu suke amfani da shi. Wannan ita ce shawarar da na fi tsayawa a kanta a duk wannan bayani. Injinan ginin Debian da sbuild suke aiki, na Fedora kuma da mock a ƙarƙashin Koji, mai raba musu aikin. Arch tana da devtools da umarnin `pkgctl build`, openSUSE tana da Open Build Service da `osc`, FreeBSD kuma tana da `make buildworld` domin gindin tsarin da poudriere domin sauran manhajoji. An gwada kowane ƙunshi sau da yawa a cikin waɗannan kayan, saboda haka idan gini ya faɗi a hannunka, kana iya ɗauko rahoton ginin da ya yi nasara a wurinsu ka jera shi da naka layi bayan layi har ka ga inda suka rabu. Wanda ya rubuta nasa ɗan shirin gini daga farko ya rasa wannan gata, kuma duk matsalar da ta taso shi kaɗai ne a duniya yake da ita.

Me zai hana in yi amfani da dpkg-buildpackage ko rpmbuild kai tsaye a kan kwamfutata?

Ai su ne ke yin aikin a ƙarƙashi, sbuild da mock kiran su suke yi. Bambancin yana wurin da ake ginin. A kan kwamfutar da kake aiki da ita kullum akwai ɗaruruwan laburare, wato guntayen shiri da manhajoji ke aro, da ka girka a lokuta daban-daban ka manta da su. Shirin `configure` na manhajoji da yawa yakan leƙa ya ga abin da ke nan, idan ya tarar da wata laburare sai ya jingina da ita ba tare da ya tambaye ka ba. Gini ya kammala lafiya, ka kai ƙunshin wata kwamfuta, sai ya zo da buƙatun da na asali ba shi da su, ko ya nuna wani hali da ba ka san daga ina ya fito ba. Akwai kuma akasin haka: ƙunshin ya manta bai ambaci wani abin da yake buƙata a layin `Build-Depends` ba, amma da yake abin yana kan injinka, ba za ka taɓa ganin giɓin ba sai ranar da wani ya gwada a wani wuri.

Abin da sbuild da mock suke yi shi ne su kafa keɓaɓɓen muhalli mai ɗauke da mafi ƙarancin tsari, su girka abin da ƙunshin ya ce yana buƙata kawai, su yi gini, su kwashe sakamako, sannan su watsar da muhallin. Ƙunshi na gaba ya samu sabo fil. A tsarinsa na asali mock yana toshe intanet yayin gini, dokar Debian ma ta hana ƙunshin babban rumbunta sauke wani abu a wannan lokaci. Kada ka buɗe wannan ƙofa don gini ya wuce, domin abin da ya sauko a ɓoye yau ba lallai ne ya kasance iri ɗaya gobe ba.

Tsakanin sbuild da pbuilder fa?

Dukansu na Debian ne masu gini a keɓaɓɓen muhalli, kuma dukansu suna aiki. An daɗe ana yabon pbuilder da sauƙin kafawa, cowbuilder kuma ya rage masa jinkirin kwance muhalli a kowane gini. Amma sbuild na yanzu yana da yanayin `unshare`, wanda ba ya buƙatar ikon root, wato ikon mai kula da tsarin duka, kuma yana tafiya da mmdebstrap wajen kafa muhallin, don haka tsohon ƙorafin wahalar kafawa ya ragu ƙwarai. Mai farawa yau, ya kama sbuild.

Yaushe ne mock ko sbuild kaɗai ba za su isa ba?

Su ƙunshi ɗaya suke ginawa a lokaci guda, ba ruwansu da wanda ya kamata ya zo gaba. Ga ƙunshi goma ko hamsin, `mock --chain` yana jera su ya zuba kowane sakamako a wani ɗan rumbu domin na gaba ya samu, idan ka ƙara `--recurse` kuma zai riƙa komawa kan waɗanda suka faɗi muddin ana samun ci gaba. A sbuild akwai `--extra-repository` da ke yin kusan wannan amfani.

Da zarar lamarin ya kai dubbai, ko injinan gini sun wuce ɗaya, ko mutane da yawa suna aiki tare, kana buƙatar mai raba aiki da ajiye tarihi. Koji yana riƙe bayanin kowane gini da ainihin ƙunshin da ke cikin muhallin lokacin da aka yi shi, amma kafa shi aiki ne na kansa: rumbun bayanai na PostgreSQL, takardun shaida, cibiya da injinan gini. Open Build Service yana da wata baiwa da nake ganin ba a yaba mata yadda ya kamata: idan laburare ta canza, da kansa yake sake gina duk abin da ya dogara da ita, kuma yana iya fitar da .rpm da .deb duka. Rocky Linux ta rubuta nata mai suna Peridot, AlmaLinux ma tana da nata. Mutum ɗaya mai inji ɗaya bai kamata ya fara da ko ɗaya cikin waɗannan ba. Makonnin da zai kashe yana kafa su sun isa ya gina abin da yake so sau da dama.

Wane ƙunshi ake fara ginawa, tunda kowanne yana buƙatar wani?

Nan ne ainihin wahalar take, kuma a nan ne mutane suka fi sarewa. GCC, babban kompailan da ake gina tsarin da shi, shi da kansa yana buƙatar kompaila kafin a gina shi. Yana buƙatar glibc, babbar laburaren harshen C, ita kuma glibc tana buƙatar GCC. Kompailan harshen Rust da Rust aka rubuta shi, sai da wanda ya gabace shi ake gina sabo. Harshen Go ma tun fitowa ta 1.5 a 2015 haka yake. Sama da wannan akwai zagaye masu faɗi: wata ƙaramar laburare tana buƙatar manhajar shirya takardu domin littafin bayaninta, manhajar kuma tana buƙatar laburaren zane, laburaren zanen ta dawo tana buƙatar ƙaramar da aka fara da ita. Kamar maƙeri ne, da awartaki yake riƙe ƙarfen da zai ƙera awartaki.

Hanya mafi sauƙi, wadda ta ishi kusan kowa, ita ce ka ari kayan wasu a zagayen farko. Ka bar sbuild ko mock su sauko da gamammun ƙunshin Debian ko Fedora su yi gini da su. Idan ka gama, ka zuba sakamakon a rumbunka, ka juya muhallin ginin ya koma cin naka rumbun kaɗai, ka sake gina komai karo na biyu. Bayan wannan zagayen, duk abin da ke hannunka da kayanka aka gina shi. Masu taka-tsantsan sukan yi na uku su kwatanta da na biyu.

Idan kuwa injin sabo ne da babu gamammun ƙunshinsa ko kaɗan, dole a gina gindin daga wani injin daban. Debian tana da rebootstrap na Helmut Grohne domin wannan, tana kuma da alamomin gini irin su `nocheck` da `nodoc` da `stage1`, waɗanda ke ba da damar gina ƙunshi a rage, ba gwaji ba littafin bayani, don a tsinke zagayen, daga baya a dawo a gina shi cikakke. Wannan aiki ne na watanni, kuma yawancinsa karatun rahoton gini ne da hannu.

Wani abu da ke ba mutane mamaki: Debian ba ta sake gina rumbunta duka a kowace fitowa. Ƙunshin da bai canza ba yana iya wucewa daga fitowa zuwa fitowa da tsohon gininsa. Fedora ce ke yin ginin gama-gari kafin fitowarta. Saboda haka za ka ci karo da ƙunshin da ba ya ginuwa yau ko da ba ka taɓa komai ba. GCC 10 ya canza zuwa `-fno-common`, GCC 14 kuma ya mayar da wasu tsofaffin gargaɗin C kurakurai, kowannensu ya kayar da ƙunshi masu yawa. Wasu kuma gwajinsu ne ke faɗuwa don takardar shaidar da ke ciki ta ƙare. A Debian ana yi wa irin wannan matsala laƙabi da FTBFS, wato ƙunshin ya kasa ginuwa daga tushe, kuma Lucas Nussbaum ya shafe shekaru yana sake gina rumbun duka yana kai rahotonsu. Kafin ka ɓata dare kana bincike, duba ko an riga an kai rahoton, sau da yawa ma da gyaran a maƙale.

Ba gara in koma Gentoo ba, tunda don haka aka yi ta?

Idan burinka tsarin da kai ne ke zaɓen abin da zai shiga kowace manhaja, e, gara hakan. Portage, manajan ƙunshin Gentoo, da alamomin USE da ake wannan zaɓen da su, sun fi duk wani gyaran `debian/rules` da hannu sauƙi, kuma `emerge -e @world` zai sake gina duk abin da ke kan injin da umarni guda. Ka dai sani cewa Gentoo ma daga gamammen gindi ake farawa, wato stage3, kuma tun Disamban 2023 tana ba da gamammun ƙunshi a hukumance ga mai so. Idan kuwa abin da kake buƙata Debian ce ko RHEL da 'yan canje-canje, Gentoo ba ta amsa tambayarka ba, wani tsarin ta ba ka.

Linux From Scratch fa?

Littafi ne, wanda Gerard Beekmans ya fara a 1999, kuma babu abin da ya kai shi koyar da yadda binutils da GCC da glibc suke ɗaukar juna. Ina ba duk mai son wannan fanni shawarar ya bi shi sau ɗaya daga farko har ƙarshe. Sai dai ba shi da manajan ƙunshi, don haka ba abin da za ka riƙe sabobin ofis da shi ba ne.

Na'ura ce ƙarama nake haɗawa, ba kwamfutar tebur ba.

To Buildroot ko Yocto. Buildroot da `make menuconfig` ake saita shi, cikin yini guda kana iya samun hoton tsarin da zai tashi. Yocto da BitBake sun fi nauyi da wuyar koyo, amma suna biyan wahalarsu idan kana da alluna iri-iri da za ka kula da su shekaru, domin suna ajiye abin da aka riga aka gina su sake amfani da shi.

Me ya bambanta Nix da Guix da sauran?

A cikinsu kowane gini yana da lamba da aka lissafo daga duk abin da ya shiga cikinsa: rubutun tushe, kompaila, laburare, umarnin gini. Sakamakon yana zama a `/nix/store` ko `/gnu/store` ƙarƙashin wannan lamba. Idan ka canza glibc, lambar duk abin da ya dogara da ita ta canza, kayan aikin kuma ya san jerin da zai bi ba tare da ka gaya masa ba. Matsalar jeri da muka yi dogon bayani a kanta a sama, a nan an warware ta tun daga tsarin. Eelco Dolstra ya fara Nix a 2003, Ludovic Courtès ya fara Guix a 2012 bisa wannan tunani.

Guix ta je inda ba kowa ya je ba. A Afrilun 2023 ta sanar cewa tana gina ƙunshinta daga wani ɗan shiri mai bayit 357 kacal, ana hawa daga shi mataki-mataki ta GNU Mes da TinyCC har a iso GCC. Har yanzu ana dogaro da kernel ɗin da injin ke kai, wato zuciyar tsarin, da kuma Guile mai tuƙa ginin, amma ragin da aka yi wa abin da sai dai a yarda da shi ido rufe babba ne. Wanda dalilinsa tabbatarwa ne, ya dubi Guix da kyau. Sai dai ita ma ba za ta gina maka ƙunshin Debian ba.

Ta yaya zan san abin da na gina daidai yake da na asali?

Ka kwatanta su bayit da bayit. Domin su zo ɗaya, sai muhallin ya zama ɗaya. Debian tana fitar da fayil ɗin .buildinfo mai jera ainihin fitowar kowane ƙunshi da aka yi gini da shi, tsofaffin kuma suna nan a snapshot.debian.org. `SOURCE_DATE_EPOCH` yana hana agogon injinka shiga cikin sakamako. Idan duk da haka an samu bambanci, diffoscope zai kwance fayilolin biyu ya nuna maka wurin, sau da yawa kwanan wata ne ko sunan jakar gini ko jerin fayiloli da ya sauya. A Guix akwai `guix challenge`, Arch kuma tana amfani da rebuilderd.

Gina komai da kaina zai kare ni daga ɓoyayyiyar ƙofa?

Daga iri ɗaya kawai, wato wadda aka cusa a injin ginin wani. Wadda ke cikin tushen kanta, kai ma za ka gina ta da hannunka. A Maris 2024 Andres Freund ya gano ƙofar da aka dasa a xz, manhajar matse fayiloli, fitowa ta 5.6.0 da 5.6.1. An ɓoye ta a fayilolin gwaji, abin da ke kunna ta kuma yana cikin wani rubutun gini da ke cikin ƙunshin da aka fitar amma babu shi a git, inda masu manhajar ke ajiye rubutunsu. Duk wanda ya gina .deb ko .rpm daga wannan ƙunshi a kan x86-64, komai tsabtar muhallinsa, da ita ya fito. Ken Thompson kuma tun 1984 ya nuna cewa kompaila da kansa yana iya ɗaukar cuta ya riƙa gadar da ita ba tare da ta bayyana a rubutu ba, wanda shi ne abin da aikin Guix ke ƙoƙarin toshewa.

Wane irin inji nake buƙata, ga matsalar wuta da tsadar data?

RAM ya fi yawan kwakwalwar injin muhimmanci. Ƙa'idar da masu Gentoo ke bayarwa ita ce kimanin gigabayit 2 ga kowane aikin gini da ke tafiya lokaci guda. Idan ka wuce gona da iri, za ka dawo bayan awa uku ka tarar da layin `Killed signal terminated program cc1plus` a ƙarshen rahoto, ma'ana RAM ya ƙare kernel ya kashe kompailan. Ka rage `parallel=` a `DEB_BUILD_OPTIONS` ka sake. Yawancin ƙunshi mintuna suke ɗauka, amma Chromium da LibreOffice da LLVM da Firefox da WebKit kowannensu awanni ne, kuma su ne ke cinye faifai.

Inda ake yawan ɗauke wuta, ka tuna cewa sbuild da mock ba sa ci gaba daga inda suka tsaya, daga farko suke komawa. Ka bar manyan ƙunshin sai lokacin da kake da inbata ko sola mai riƙewa, ka kuma kunna ccache domin ginin da aka maimaita ya tsallake abin da aka riga aka haɗa. Game da data, kowane sabon muhalli yana sake neman ƙunshi iri ɗaya, don haka ka kafa apt-cacher-ng ko madubin rumbu a gida tun ranar farko. Ga aikin da ya kai dubban ƙunshi, hayar sabar a waje na 'yan kwanaki ka sauko da sakamakon kaɗai yakan fi arha.

Na gama gini. Ina zan zuba su?

A rumbu mai sa hannu: reprepro ko aptly ga .deb, `createrepo_c` ga .rpm, da mabuɗin GPG da ba a kan injin ginin yake zaune ba. Ka yi wa lambar fitowar kowane ƙunshi alama taka, da `dch --local` a Debian ko ta canza `%dist` a RPM. In ba haka ba, ba za ka iya bambance naka da nasu ba, kuma sabuntawa ta gaba za ta iya maye gurbin aikinka shiru. Idan za ka raba wa jama'a, ka cire suna da tambarin masu asalin, domin lasisin rubutu daban, haƙƙin tambari daban.

Bayan nan aiki ya ƙare?

Daga ranar da injinanka suka koma cin rumbunka, gyaran tsaro ba zai iso su ba sai ka gina shi. OpenSSL ko kernel ko glibc za su samu gyara a ranar da ba ka shirya ba, kuma tsawon lokacin da ka ɗauka kafin ka gina, tsawon lokacin da injinan suke a buɗe ke nan. Shi ya sa nake auna kayan gini da tambaya guda: idan sabon ƙunshin tushe ya fito da tsakar dare, zai lura da kansa, ya gina, ya sanar da ni in ya faɗi? Idan amsar a'a ce, ka rubuta wannan ɓangaren kafin ka girka tsarin a inji na biyu, ko kuma ka rage jerin ƙunshinka zuwa waɗanda ka canza da gaske, sauran ka bar wa ƙungiyar tsaron Debian ko ta tsarin da ka ɗauko.